Rigimar Sifili Biyar a Cikin Ƙwayar Halitta

A hunturun 1782 zuwa 1783, a birnin Paris, Antoine Lavoisier da abokinsa masanin lissafi Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran Masar a cikin wata tukunyar ƙarfe mai ɗaki uku, ɗaya cikin ɗaya. Ɓeran yana ɗakin tsakiya, ƙanƙara ta kewaye shi a ɗaki na biyu, wata ƙanƙarar kuma tana ɗakin waje don ta tare ɗumin gari kada ya shigo ya ɓata lissafi. Bayan awa goma suka auna ruwan da ya tsiyayo daga ƙanƙarar ciki. Nauyin ruwan nan ya nuna musu yawan zafin da dabbar ta fitar. Suka kwatanta shi da zafin da gawayi ke bayarwa idan ya ci wuta har ya fitar da gurɓatacciyar iska daidai da wadda ɓeran ya fitar a numfashinsa, sai alƙaluman biyu suka zo kusa da juna. Hukuncin da suka yanke yana nan daram har yau: numfashi wata irin ƙuna ce, mai tafiya a sannu, marar harshen wuta.

Shekara tamanin da 'yan kai bayan haka, a 1868, wani likita Bajamushe a Leipzig mai suna Carl Wunderlich ya buga littafin da ya tattara awon zafin jikin marasa lafiya kimanin 25,000. Ma'aunin da ya yi aiki da shi ya kai tsawon ƙafa guda, kuma yakan ɗauki kusan minti ashirin a hammata kafin zaibar cikinsa ta tsaya. Daga wannan aiki duniya ta gaji adadin nan na digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, wanda kowace ma'aikaciyar jinya ke riƙe da shi a ka. Lamba ɗaya ce aka ɗora wa jiki gaba ɗayansa, kamar yadda ake faɗin zafin birni da lamba guda a labaran yamma, alhali a cikin birnin akwai maƙera, akwai gidan burodi, akwai kuma inuwar dalbejiya.

Lavoisier ya zaci murhun jiki a huhu yake. Waɗanda suka biyo bayansa suka gano cewa wutar tana ci ne a cikin nama, a cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jiki da su, wato ƙwayoyin halitta da masana ke kira sel. A cikin sel ɗin ma ba ko'ina ba, akasarin ƙunar tana faruwa ne a wasu 'yan jakunkuna masu naɗaɗɗiyar fata a ciki, mitokondiriya. A 1961 Peter Mitchell, ɗan Birtaniya, ya bayyana yadda suke aiki, bayanin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1978. Mitokondiriya na amfani da ƙarfin abinci ta tura ƙananan ƙwayoyi masu caji, firoton, zuwa bayan fatarta ta ciki, kamar mai tara ruwa a bayan madatsa. Idan sun kwararo suna dawowa ta ƙofar da aka tanada, sai su juya wani ɗan inji mai ƙera ATP, sinadarin da sel ke biyan kuɗin dukkan ayyukansa da shi. Abin da injin bai kama ba yakan tafi a matsayin zafi nan take. Wanda ya kama ma, idan an kashe shi, ƙarshensa zafi ne.

To, idan murhu yana wuri sananne, hankali zai ce kusa da shi ya fi ɗumi. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka ajiye kaskon wuta da sanyi ya san bambancin gefen kasko da bakin ƙofa. Shin haka abin yake a cikin sel? Tambayar ta daɗe ba mai amsa ta, don babu abin awo. Faɗin sel ɗaya na jikin dabba bai wuce maikuromita goma zuwa ashirin ba, wato sai an jera huɗu ko biyar kafin su kai kaurin silin gashi. Kuma sharaɗin ma'aunin zafi shi ne ya fi abin da yake aunawa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wanda ya tsoma taɓarya mai sanyi a kofin shayi don ya san zafinsa ya riga ya huce shayin kafin ya sami amsa.

Mafitar da wasu masana a Japan suka samo ta fito ne daga wani abin mamaki da masu ilimin sinadarai suka daɗe da sani. Folima doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri ɗaya da aka jera suna maimaita kansu, kamar duwatsun wuya a zare. Leda folima ce, roba ma haka, sitaci ma haka. A 1968 wasu masana biyu a Jami'ar Toronto, Heskins da Guillet, suka yi cikakken bayanin wata folima da ake taƙaita sunanta da PNIPAM, mai halin da ya saɓa wa abin da aka saba. Sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. Ita kuwa wannan a ruwan sanyi take narkewa, ruwan ya yi garau kamar ba komai a ciki, amma da zarar ɗumi ya haura kimanin digiri 32 sai ruwan ya koma fari kamar an zuba madara. A huce shi, ya sake washewa. Za a iya maimaita wannan sau ba adadi.

Dalilin yana ga ruwa. Lokacin sanyi ƙwayoyin ruwa sukan manne wa sarƙar, su jeru a jikinta, su riƙe ta a miƙe. Da ɗumi ya ƙaru sai motsinsu ya fi ƙarfin riƙon, su sake ta, ita kuma ta naɗe kanta ta dunƙule kamar bushiyar da aka taɓa, ta matse ruwan da ke tsakaninta waje.

Seiichi Uchiyama, masanin sinadarai a sashen haɗa magunguna na Jami'ar Tokyo, shi ne ya mayar da wannan hali abin awo. A cikin aikin da ya buga a 2003 tare da Kaoru Iwai da A. P. de Silva, ɗan asalin Sri Lanka da ke koyarwa a Belfast, ya saƙala wa irin wannan sarƙa wani rini mai ƙyalli, wato wanda idan an haska masa haske mai wani launi yakan sha shi ya mayar da wani launin daban. Rinin da aka zaɓa yana da abokin gaba guda, shi ne ruwa. Muddin ruwa na taɓa shi, ƙarfin da ya sha yakan zurare ya bar shi dishi-dishi. Sarƙa na miƙe, rini na cikin ruwa, haske kaɗan. Sarƙa ta dunƙule, rini ya shige tsakiyar dunƙulen inda ya bushe, haske ya tashi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, don duk rigimar da ta biyo baya a nan tushenta yake: abin da rinin ke ba da shaida a kai shi ne ko ruwa na taɓa shi ko ba ya taɓa shi. Zafi kuwa mutum ne ke fassaro shi daga wannan shaida.

A 2009 suka fara gwada wani nau'insa a cikin sel mai rai. Aikin da ya ja hankalin duniya ya fito a 2012 a mujallar Nature Communications, Kohki Okabe ne a kan gaba cikin marubutansa. Sarƙar wannan karo tana da sassa uku: ɗaya mai dunƙulewa da ɗumi, ɗaya mai ƙyalli, na uku kuma mai son ruwa, wanda aikinsa shi ne hana sarƙoƙin curewa wuri guda a cikin sel. Da siririyar allurar gilashi aka ɗura ta a cikin wasu sel da ake renon su a faranti, waɗanda asalinsu daga ƙodar wani birin Afirka aka samo su.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Da ƙarfin hasken aka auna, da an faɗa rami, domin wuri na iya yin haske sosai don kawai folimar ta fi taruwa a can. Sai suka auna daɗewar hasken maimakon ƙarfinsa. A kan harba wa rinin ɗan gajeren hasken leza, sannan a ƙirga tsawon lokacin da ƙyallinsa ke ɗauka kafin ya mutu, lokacin da bai wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ba. Misalinsa ƙararrawa ce. Idan aka kaɗa goma tare za su fi ɗaya ƙara, amma tsawon amon kowace ɗaya bai dogara da yawansu ba, ya dogara ne da ko an rataye ta a sarari ko an dafe ta da hannu. Rinin da ke cikin busasshen dunƙule amonsa ya fi daɗewa. Da wannan suka zana taswirar sel ɗigo-ɗigo, suna rarrabe wurare biyu da tazararsu ba ta wuce nanomita 200 ba, suna kuma rarrabe bambancin zafi na digiri 0.18 zuwa 0.58.

Taswirar ba ta fito launi ɗaya ba. Cibiyar sel, inda ake adana kundin gado na DNA, ta fi ruwan da ke kewaye da ita ɗumi da kimanin digiri 0.96 a matsakaicin lissafi, kuma wannan rata tana sauyawa gwargwadon matakin da sel yake a shirinsa na rabuwa biyu. Wani ɗan ɗigo kusa da cibiyar, wanda ke shirya zaruruwan da ke raba sel, shi ma ya nuna ɗumi. Da suka zuba wani sinadari mai huda madatsar mitokondiriya, sai gefen mitokondiriyar ya nuna ƙarin zafi, daidai yadda ake tsammani. Ba su kaɗai ba ne kuma. A shekarun nan wasu a Kyoto da Basalona suka ƙera ma'auni daga furotin mai koren ƙyalli, wasu a Harvard suka yi amfani da ƙurar lu'ulu'u. Har wani mai bincike a kamfanin Kirin ya haɗa kai da Uchiyama a 2013 suka ƙera nau'in folimar da ke shiga sel da kanta ba sai da allura ba, suka gwada ta a ƙwayoyin yis.

Abin da ya sa zukata suka tashi a fili yake. Ayyukan sinadaran jiki da yawa sukan ninka saurinsu idan ɗumi ya ƙaru da digiri goma, saboda haka digiri ɗaya ma ba abin rainawa ba ne. An kuma san sel na da furotin masu jin zafi. Wanda David Julius ya gano a 1997, mai amsa yajin barkono da kuma zafin da ya kai kimanin digiri 43, shi ne ya ba shi rabon Nobel ta 2021. Idan har sel na iya ɗumama wani lungu nasa ya bar wani, to ƙila yana aika saƙo da zafi kamar yadda yake aikawa da sinadarai da lantarki. Da an sami sabon babi ke nan a littattafan ilimin halittu.

Sai a 2014 wasu masana huɗu a Faransa, Guillaume Baffou na Cibiyar Fresnel da ke Marseille da abokansa Rigneault da Marguet da Jullien, suka buga wata gajeriyar maƙala a Nature Methods. Ba sabon gwaji suka kawo ba. Lissafi suka yi, irin wanda ɗalibin fiziks zai iya yi a bayan ambulan. Ƙarin ɗumin da abu zai samu a kan abin da ke kewaye da shi ya rataya ne a kan abubuwa uku: yawan zafin da yake fitarwa, girmansa, da saurin da zafin ke tserewa ta cikin abin da yake ciki. Sel kuwa galibinsa ruwa ne, a cikin ruwa yake zaune, kuma ruwa ba ya riƙe sirrin zafi. A tazarar maikuromita goma, zafi kan bazu cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Suka ba sel ƙarfin pikowat 100, wato kashi ɗari cikin tiriliyan na wat ɗaya, suka buga lissafi. Amsar da ta fito ita ce sel ba zai iya ɗaga zafin kansa da abin da ya wuce kimanin 0.00001 na digiri ba. Masu folima sun ce digiri guda. Tsakanin maganganun biyu akwai ninki dubu ɗari.

Mai karatu na iya gwada lissafin da kansa ta wata hanyar. Baligi a zaune yana fitar da zafin da bai wuce wat 100 ba, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki. Ƙiyasin da aka yi a 2016 ya ce jikinsa na da sel kimanin tiriliyan 30, amma kusan tiriliyan 25 jajayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ba su da mitokondiriya. A raba wat 100 ga tiriliyan 5 da suka rage, kowanne zai tashi da pikowat 20, wanda ya nuna Faransawan ma sun yi wa sel alheri a lissafinsu. Yanzu a juya tambayar. Kafin sel ya riƙe kansa a digiri ɗaya sama da ruwan da ke kewaye da shi, yana buƙatar kimanin kashi goma cikin miliyan na wat, ba tsayawa. Da kowane ɗaya daga tiriliyan 5 ɗin nan yana ƙuna haka, da mutum ɗaya yana fitar da megawat 50. Mutum goma sha biyu a ɗakin taro sun kamo megawat 600 da aka gina tashar Shiroro ta bayar.

Masanan Japan ba su yi shiru ba. A 2015 mujallar ta buga martani biyu, ɗaya daga ƙungiyar Kyoto, ɗaya daga Madoka Suzuki da Shin'ichi Ishiwata da abokansu, waɗanda suka raɗa wa matsalar sunan da ya bi ta har yau, wato giɓin ɗaya mai sifili biyar. Hujjarsu ita ce lissafin Faransa ya ɗauki sel tamkar salkar ruwa wadda zafi ke fita daga ko'ina nata daidai wa daida. Sel kuwa cunkushe yake da furotin da kitse da fatu ninki a kan ninki, kamar kasuwa ranar cinta. Zafin na iya fitowa daga ɗan ƙaramin wuri, a ɗan gajeren lokaci, da ƙarfin da ya zarce matsakaicin da ake aunawa, kuma kowace fata da zai ratsa tana iya rage masa gudu. Idan aka tara waɗannan gyare-gyare, in ji su, giɓin zai ragu ƙwarai. Suka ƙara da cewa ma'aunai masu tushe daban-daban sun nuna abu mai kama da juna, kuma da wuya a ce duk sun yi ƙarya iri ɗaya.

Ana cikin haka sai aka ƙara wa wutar makamashi. A 2018 Dominique Chrétien da Pierre Rustin da abokansu a Paris suka buga a PLoS Biology cewa mitokondiriya mai aiki tana zaune ne a kusan digiri 50, wato sama da sauran jiki da fiye da digiri goma. Ba folima suka yi amfani da ita ba, wani rini ne mai taruwa a cikin mitokondiriya wanda haskensa ke raguwa idan ɗumi ya ƙaru. Sun kuma nuna cewa wasu daga furotin ɗin da ke aikin numfashi a can sun fi kuzari a wajen digiri 50. Mujallar ta haɗa aikin da sharhin Nick Lane na Landan, wanda ya ɗauki tambayar da muhimmanci amma ya ja kunne game da lambar kanta. Jaridu suka ɗauki lambar suka bar jan kunnen, kamar yadda aikin jarida ya saba yi da duk binciken da ya zo da adadi mai daɗin kanu. Ga likitan da ya san abin da zazzaɓin digiri 42 ke yi wa ƙwaƙwalwa, jin cewa kowane sel nasa na ɗauke da ɗaruruwan jakunkuna masu digiri 50 ba ƙaramar magana ba ce.

A nan ne ya kamata a koma ga shaidar rini. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ba a gardama a kan yawan mudu sai an fara duba mudun. Wani an buge gindinsa, wani an datse bakinsa, kuma mai awo na iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa goma ya zuba. Ma'aunin folima ma sai an daidaita shi kafin a yi aiki da shi: a sa shi a ruwan da aka san zafinsa, a rubuta daɗewar haskensa a digiri kaza da digiri kaza, a sami jadawalin fassara. Okabe da abokansa sun yi taka-tsantsan, domin a cikin ruwan da aka tatso daga irin waɗannan sel suka daidaita nasu, suka kuma gwada shi da wasu abubuwan da ka iya ruɗa shi. Sai dai tataccen ruwan sel ba sel mai rai ba ne. Ba ɗumi kaɗai ke sa sarƙar nan ta saki ruwanta ba. Gishiri na sa ta dunƙule da wuri, kuma cunkoson manyan sinadarai da ke gasar neman ruwa da ita na iya yin tasiri. Cibiyar sel, cike da DNA da furotin, ba muhalli ɗaya ba ne da ruwan da ke wajenta. Idan sarƙa ta fi dunƙulewa a can, jadawalin zai karanta hakan da sunan digiri, ko da dalilin wani abu ne daban. Shi ma rinin Paris yana da nasa raunin, domin yana zaune ne a wurin da caji da tsami da iskar numfashi ke sauyawa a daidai lokacin da ake cewa zafi ya sauya.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce a tarihin awon zafi. A 1992 Philip Mackowiak na Jami'ar Maryland ya auna lafiyayyun mutane 148 ya sami matsakaicin digiri 36.8, ba 37 ba. Daga baya ya gwada wani tsohon ma'auni da ake jingina wa Wunderlich, wanda ke ajiye a gidan tarihin Mütter a Philadelphia, ya tarar yana ƙara fiye da digiri guda a kan ma'aunan zamani. Lambar da aka haddace shekara ɗari da ashirin ta fito ne daga mudun da ba a sake dubawa ba.

Hanya mafi tsabta ta raba gardamar ita ce a auna abin da ake jayayya a kansa kai tsaye: shin da gaske zafi na tserewa a cikin sel kamar yadda yake tserewa a ruwa? A 2021 wata ƙungiya da ta haɗa masana na Jami'ar Osaka da na Queensland a Ostireliya, Shingo Sotoma na kan gaba, ta yi hakan. Suka lulluɓe ƙurar lu'ulu'u da wani abu mai ɗaukar zafi idan an haska shi, ta yadda ƙwaya ɗaya ta zama murhu kuma ma'auni a lokaci guda. Lu'ulu'u yana da wata falala a nan, domin abin da ke jin zafin yana can cikin dutsen, inda gishiri da tsami ba sa kai wa gare shi. Suka sami cewa cikin sel na watsa zafi da kimanin 0.11 a ma'aunin da ruwa ke da 0.6, wato wajen kashi ɗaya cikin shida. Masanan halittu sun yi gaskiya ke nan da suka ce sel ba salkar ruwa ba ne. Amma wannan gyara, ko an yi masa karamci, sifili ɗaya kawai ya goge daga cikin biyar.

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu ba tare da son kai ba, ta masu lissafi ta fi nauyi a kan girman lambar. Dokar adana makamashi ba ta taɓa sassauta wa kowa ba, kuma wanda ya ce ya ga digiri goma a inda abincin da ake ƙonawa bai isa ya ba da kashi ɗaya cikin dubu ba, shi ne ke da nauyin nuna inda itacen ya fito. Amma kuskure ne a ɗauka cewa masu folima ba su ga komai ba. Taswirarsu tana maimaituwa, tana sauyawa idan an hana sel abinci ko an huda madatsarsa, tana bin matakan rabuwarsa. Wani abu na gaske yana faruwa da ruwan da ke cikin cibiyar sel da gefen mitokondiriya, kuma sarƙar tana jin sa. Akwai ma tambaya mai zurfi a ƙarƙashin wannan. Abin da ake kira zafi matsakaicin motsin ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa da suka daidaita a tsakaninsu. A 'yan nanomita kusa da furotin da ya fasa ATP yanzun nan, inda makamashi bai gama rarrabuwa ba, kalmar digiri kanta tana fara rasa ma'anar da take da ita a hammatar majiyyaci.

Wani zai ce wannan duk gardamar malamai ce. Tarihin magunguna bai yarda ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatan masana'antun harsashi a Faransa da ke taɓa wani sinadari mai suna DNP suka riƙa ramewa, suna zufa, wasu suna mutuwa da matsanancin zazzaɓi. A 1933 likitoci a Jami'ar Stanford suka gabatar da shi a matsayin maganin ƙiba, mutane suka yi rububinsa, wasu suka makance da yanar ido, wasu suka mutu, har Amurka ta hana shi a 1938. Abin da DNP ke yi shi ne huda madatsar nan ta mitokondiriya, abinci ya ƙone ba tare da an ƙera ATP ba, duka ya tafi a zafi. Har yau ana sayar da shi a ɓoye ta intanet, kuma har yau yana kisa.

Jiki yana da tasa hanyar yin wannan cikin aminci. Jariri ba ya iya rawar ɗari sosai, saboda haka yana zuwa duniya da wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a tsakanin kafaɗu da wuya, cike da mitokondiriya masu wata ƙofa ta musamman, furotin UCP1, da ake buɗewa idan sanyi ya taso. A 2009 bincike uku da suka fito tare a New England Journal of Medicine suka tabbatar da cewa manya ma suna da ragowarsa mai aiki. Tun daga nan masu neman maganin ƙiba da ciwon sukari suke neman abin da zai kunna wannan murhu ba tare da ya ƙone gidan ba, kuma hanya mafi sauƙi ta tace dubban sinadarai ita ce a zuba kowanne a kan sel a faranti a ga wanne ya sa shi ɗumi. An riga an gwada folimar Uchiyama a irin waɗannan sel na kitse, ta kuma nuna sauyi idan an motsa su. Ga mai tace magani, ma'aunin da ke cewa wannan ya motsa murhu, wancan bai motsa ba, yana da amfani ko da lambar da yake bayarwa ba ta tsaya daidai ba. Ga mai son sanin ko ƙwayar kansa ta fi lafiyayyar maƙwabciyarta ɗumi, ko nawa ne zafin da zai kashe ta ya bar maƙwabciyar, lambar ita ce komai.

Lissafin Baffou bai hana nama ɗumi ba. Sel ɗaya a faranti zafinsa na tserewa kafin ya taru, amma miliyoyi a cure wuri guda kowanne na ɗumama na kusa da shi, har abin ya kai matsayin da kyamarar zafi ke gani a gefen wuyan mutumin da aka sa a ɗaki mai sanyi. A kan wannan babu jayayya tsakanin Marseille da Tokyo. Jayayyar tana kan sel guda ne, a kan tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, kuma sifili huɗu na nan ba a goge su ba.